Yadda ake ba da kwangilar cire ciyawa a wurin tace ruwan ƙazanta ba tare da kuɗin ya bi ruwa ba

Duk wanda aka ɗora wa kula da wurin tace ruwan ƙazanta, wato kududdufan nan da ruwan bayi da na wanka da na kicin ke taruwa a ciki kafin a sake shi ya bi rafi, ya san daga Yuli zuwa Satumba wurin daji yake komawa. Mu a Zariya yawancin gidaje tun daga cikin birni har Tudun Wada da Sabon Gari salga ce da sokawe, manyan hukumomi masu dubban mutane irin jami'ar ABU a Samaru su ne ke da nasu wurin tacewa, to amma ko na hukumar gari ne ko na makaranta ko na rukunin gidajen ma'aikata, ciyawar iri ɗaya ce, kuma kuskuren da ake tafkawa wajen ba da aikin ma iri ɗaya ne. Sai ka ga takardar kwangila layi ɗaya tal, wai a share ciyawar da ke wurin, ɗan kwangila ya kwaso leburori da langalanga su yi kwana biyu suna sara, a ɗauki hoto, a biya, kafin wata ya zagayo komai ya dawo har ya fi da. Kuma ba ka da bakin magana don abin da ka rubuta shi ya yi maka.

Kafin ka rubuta komai sai ka fahimci me ya sa ma ake cire ciyawar, don ba wai saboda wurin ya yi kyau idan manya sun zo zagaye ba ne. Kududdufan nan rana da iska ne ke aiki a cikinsu. Na farko mai zurfi ne, yakan kai mita 3 ko fiye, nan laka ke kwanciya tana ruɓewa. Na biyu zurfinsa wajen mita 1.5, shi ne wanda za ka ga ruwansa kore shar, wannan koren gansakuka ce ƙanana da ke shan rana suna fitar da iskar oksijin, su kuma ƙwayoyin bakteriya su yi amfani da iskar su cinye dattin. Na ƙarshe bai kai su zurfi ba, aikinsa rana ta kashe ragowar ƙwayoyin cuta. To ka ga duk abin da ya rufe fuskar ruwan ko ya tare iska ya kashe aikin kenan, ruwan zai koma toka-toka ko baƙi, wari ya tashi, kuma ruwan da ke shigowa maimakon ya bazu ya yi kwanakinsa sai ya samu 'yar hanya tsakanin ciyayi ya wuce kai tsaye ya fita da dattinsa. Ga sauro, irin mai son ruwan datti, da ke samun maɓoya a gindin ciyawar inda iska ba ta kaɗa ruwa. Su kuma masu lambu a ƙasa da ke ban ruwan latas da kabeji da tumatir da rani su ne ke karɓar abin da ya fita.

Amma fa duba zanen wurin tukuna ko ka tambayi injiniyan da ya daɗe a wurin. Akwai wuraren da da gangan ake dasa ciyawar ruwa a wani fage na ƙarshe don saiwarta ta ƙara tace ruwan, in naku irin wannan ne to wancan fagen rage shi ake yi ba tumɓukewa ba, kar ka biya mutum ya lalata maka abin da aka kashe kuɗi aka shuka.

Daga nan sai ka sa takalmin ruwa ka zaga wurin da ƙafarka da tef na awo, kar ka zauna a ofis ka ce wa yaro ya kawo maka rahoto. Raba wurin kashi-kashi: abin da ke cikin ruwa, abin da ke kan jingar ƙasar da ta kewaye kududdufi, bakin bututun shiga da na fita da ragar da ke tare shara, hanyoyin mota da gindin waya ko katanga, sai fagen shanya laka in akwai. Kowanne aikinsa daban kuɗinsa daban. A auna da murabba'in mita, misali kududdufi mai tsawon mita 100 da faɗin 50 murabba'in mita 5,000 ne, rabin hekta kenan, kewayensa mita 300, in ciyawa ta ci mita 4 daga gaɓa zuwa ciki to kusan 1,200 ke nan za a yi aiki a kai a cikin ruwa, ba duka 5,000 ɗin ba. Wannan lissafin shi zai shiga takardar da ake ce wa BOQ, wato jerin ayyukan da yawan kowanne da kuɗinsa, kuma shi zai hana a caje ka kuɗin fili da babu komai a kai.

Babbar matsalar ita ce kachalla, doguwar ciyawar nan da ke tsirowa a cikin ruwa. Wanda ya taɓa zuwa wajen Haɗeja da Nguru ya san ta'asar da ta yi, bayan gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ruwa ya daina janyewa yadda ya saba, ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki ta zama gidan tsuntsayen jan-baki. Ita wannan ciyawar ƙarfinta ba a ganye yake ba, a ƙarƙashin laka yake, tana da saiwa mai kauri da ke rarrafe tana tsiro da sababbi, kuma ta cikin karan da ya fito sama da ruwa take shaƙar iska ta kai wa saiwar. Shi ya sa in aka sare ta a saman ruwa aski kawai aka yi mata. Sai a rubuta ɓaro-ɓaro a kwangila cewa za a yanke ta a ƙarƙashin ruwa, aƙalla santimita 15 zuwa 20 ƙasa da fuskar ruwan, don kututturen ya nutse iska ta yanke mata, sannan a sake bin ta sau biyu ko uku duk lokacin da sabon toho ya leƙo, a haka saiwar ke ƙarar da abincin da ta tara ta ruɓe. In wurinku ana iya rage ruwa da bawul to a rage kaɗan, a yanka, a mayar da ruwan nan take ya rufe kututturen, kar a bar laka a buɗe kwana da kwanaki don a kan jiƙaƙƙiyar laka irinta ke tsirowa, kuma kan nan nata mai kama da zangarniyar gero guda ɗaya dubun-dubatar iri ne a ciki, iska ke kwasa. Don haka a yanke ta kafin kan ya nuna ya fashe.

Kainuwa kuma da sauran masu yawo a saman ruwa ba sara ake yi ba, janyowa ake yi da manjagara mai dogon ƙota ko a ja igiya ko raga daga gaɓa zuwa gaɓa a tattaro ta gefe a kwashe. Ana ce mata dashen Allah amma nan kam ba a bar mata ko ɗaya, ɗan abin da ka raina ka bari shi zai sake rufe kududdufin. Dabara ita ce a yi aikin ta ɓangaren da iska ta riga ta turo ta.

Kan jinga ne mutane ke yin kuskure na biyu, su sa a kankare ta tas da fartanya har sai jar ƙasa ta fito don a ga an yi aiki. Wallahi wannan ɓarna ce, ruwan Agusta na Zariya in ya sauka a kan jinga tsirara zaizaye ta zai yi ya zuba a kududdufi. Gajeriyar ciyawa mai rarrafe irin kiri-kiri ita ke riƙe ƙasar, abin da ake so a rage tsawonta kawai ta tsaya kamar santimita 10 zuwa 15, ta yadda mai zagaye zai iya ganin rami ko tsagewa ko wurin da ruwa ke tsattsafowa. Gamba da tofa da tafasa da tumfafiya su ne za a cire, sai kuma duk ciyawar da ta sunkuya ta taɓa ruwa. A rubuta cewa in leburori sun ci karo da ramin gafiya ko burgu ko shurin gara a jikin jinga su sa alama su sanar, kar su toshe da ciyawa su wuce.

Bishiya kuma magana ce ta daban, musamman dogonyaro da turare da bagaruwa da ke tsirowa da kansu. Ƙanana a tumɓuke su da saiwa, don dogonyaro in ka sare shi ka bar kututture tohowa zai yi da rassa da yawa. Amma babbar bishiya da ta riga ta kafu a jikin jinga kar ka bar ɗan kwangila ya yanke hukunci shi kaɗai, saboda in an sare ta saiwar ta ruɓe a ciki sai ta bar kafofin da ruwa zai bi, dole injiniya ya tsaya a haƙe kututturen a cike da yumɓu a daddaɓe shi hawa-hawa. Ka ware wa wannan layinsa a BOQ, bishiya nawa, kowacce nawa, kuma a shafa wa waɗanda za a sare fenti tun kafin a fara, in ba haka ba za ka wayi gari an sare har na inuwar ofis an loda itacen an yi kasuwa da shi. Itacen ma a faɗi na waye.

Sai inda za a kai abin da aka cire, wanda shi ne rabin kuɗin aikin amma shi ake mantawa. Jiƙaƙƙiyar kachalla nauyi gare ta ba kaɗan ba, in ba ka rubuta ba a bakin gaɓa za a jibge maka ita, ruwan sama ɗaya ya mayar da ita ciki ta ruɓe ta ƙara wa kududdufin datti. A ware fili nesa da gaɓa a baza ta ta tsane ta bushe, ruwan da ke tsiyaya ya koma cikin kududdufi ba rafi ba, sannan tifa ta kwashe zuwa inda hukumar muhalli ta jiha wato KEPA ta amince, ko a yi takin gargajiya da ita a cikin harabar in akwai fili. A biya da adadin tifar da ta fita da sa hannun maigadi. Ƙonawa a kan jinga a hana, balle da hunturu da wuta ke gudu, ga wayoyin fanfo ga bututun roba ga shimfiɗar leda in kududdufin na da ita. Kuma za a zo roƙo, wannan tabbas ne, masu kiwo da masu turken ragon layya za su ce a ba su ɗanyar ciyawar tunda zubarwa za a yi. A ba su haƙuri. Ciyawar da ta sha ruwan bayi na iya ɗaukar ƙwan tsutsar ciki, saniya ta ci ya zauna a namanta ya dawo wa mutane. Gara tun farko ka je ka gaida mai unguwa ka yi masa bayani, ranka ya daɗe ga abin da za a yi ga dalilin da ya sa ba za mu bari a kwasa ba, shi ya san yadda zai gaya wa jama'arsa.

Maganin feshi ni dai ra'ayina a rubuta an haramta shi a cikin ruwa da bakin ruwa, shikenan. Ɗan kwangila zai so shi don jarka ɗaya ta fi masa leburori ashirin araha, amma ciyawar da ta mutu a tsaye cikin ruwan za ta faɗa ta ruɓe, gansakukar da kake lallaɓawa ita ma tana iya tafiya, kuma ruwan nan gonakin mutane zai je. In dole sai an yi feshi to a tsaya a gindin katanga da hanyar mota, da maganin da ke da rajistar NAFDAC, ranar da babu iska babu hadari, kuma jami'inka na tsaye. Haka katafila, kar a bar ta ta shiga cikin kududdufi ko ta kankari ƙasansa, akwai daɓen yumɓu ko leda da ke hana ruwan ƙazanta sauka ya gurɓata rijiyoyin unguwa, haƙori ɗaya na bokitinta ya isa ya huda shi, kuma gyaran ya ninka kuɗin ciyawar.

Lokaci kuma, damina a nan daga Mayu ne zuwa Oktoba, don haka kwangilar zuwa ɗaya ba ta da amfani. Ka yi ta shekara guda: babban aiki a Afrilu ko farkon Mayu lokacin ƙasa ta bushe tifa na iya shiga, sannan bi-baya duk wata ko duk sati shida cikin damina, sai sharar ƙarshe a Nuwamba kafin ciyawa ta bushe ta zama abincin gobara. Matsalar ita ce Yuni da Yuli kowa na gona, lebura tsada yake yi kuma wuyar samu, to ɗan kwangila ya san da haka tun yana saka farashi kar ya zo daga baya yana cewa oga a duba mu. Kai kuma ka fara takardu tun Janairu, kowa ya san yadda fayil ke kwana a tebur.

Wajen zaɓen wanda za a ba, in wurin na jiha ne ko ƙaramar hukuma dokar sayayya ta jihar Kaduna ta 2016 da hukumar KADPPA za ka bi, in na tarayya ne dokar 2007 da hukumar sayayya ta BPP. Ka tambayi ofishin sayayya na wurinku ko kuɗin ya kai a yi talla a jarida ko kwateshan uku sun wadatar, kuma kar wani ya ba ka shawarar ka yayyanka aikin gida-gida don ka kauce wa talla, laifi ne a doka kuma ranar da odita ya zo sunanka zai gani. Takardu sanannu ne, rajistar CAC, shaidar biyan haraji, a na tarayya har da na hukumar fansho PenCom da na asusun horar da ma'aikata ITF da na inshorar ma'aikata NSITF. A faɗa musu su saka harajin VAT na kashi 7.5 a fili kuma su san za a cire harajin da ake riƙewa, don kar rigima ta tashi ranar biya. Amma takarda ba ta yanka kachalla. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a sa rana ɗaya kowa ya zo ya ga wurin da idonsa ya shaƙi warin, wanda bai zo ba a ajiye takardarsa gefe. A wurin ka tambaye shi, Alhaji ya za ka yi da wadda ke tsakiyar ruwa, ina kwale-kwalenka, su waye za su shiga. Wanda ya ce zai nemo masunta ko mutanen da suka saba aikin fadama ya san abin da yake yi. Wanda ya kawo farashi ƙasa ƙwarai da lissafin injiniyanka kuma a tuhume shi, yawanci bai saka kuɗin kwashewa ba ne ko feshi yake shirin yi da daddare, araha ba ta ado. Sannan a rubuta ba a yarda ya sayar da kwangilar ba sai da izini a rubuce, don in ta bi hannu uku wanda zai yi aikin na ƙarshe abin da ya rage masa bai isa sayen safar hannu ba.

Lafiyar leburori kar a bar ta a baki, a mayar da ita layi mai kuɗi a BOQ: dogon takalmin ruwa, safar hannu ta roba mai kauri, takunkumi, rigar da ke hana nutsewa ga duk wanda zai hau ruwa, igiya a gaɓa da mutum ɗaya da aikinsa kawai kallo, ruwa mai tsabta da sabulu, allurar tetanus. Ba a cin abinci ko goro a bakin kududdufi, mai ciwo a ƙafa ba ya shiga, yara ƙanana ba a ɗaukarsu ko da sun zo da iyayensu. Gefen kududdufi santsi gare shi kuma lakar ƙasa kama ƙafa take yi, iya ruwa ba ya ceton mutum a nan. Manhol, wato ramin nan mai murfi da ake duba bututu ta cikinsa, da ramin fanfo kuma babu ruwan mai ciyawa da su, ko adda ce ta faɗa a bar ta, akwai iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke kwanciya a ƙasan rami, in ta yi yawa hanci ma daina jinta yake yi, mutum ya faɗi, wanda ya shiga ceto shi ma ya faɗi. Macizai kuwa dole a gamu da su, kasa da kububuwa da kumurci duk suna son irin wurin, to a ajiye mota ko ɗan sahu a kusa kuma kowa ya san asibitin da za a nufa kai tsaye, kamar asibitin koyarwa na Shika, ba a tsaya tsaga ko ɗaure ƙafa tamau ba. A kuma rubuta wa ke biyan magani in abu ya faru.

Biyan kuɗi shi ne linzamin. Kafin alƙalami a ba da daidai abin da doka ta yarda kuma da takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora. Sauran a raba shi bisa zagaye, kowane zagaye sai jami'in da ka naɗa ya zaga da ɗan kwangila sun auna tare sun sa hannu, kuma sharaɗin biya ya zama abin da ido ke gani: babu karan da ya leƙo saman ruwa, babu kainuwa, ciyawar jinga ba ta wuce tsawon da aka faɗa ba, bakin bututu a buɗe, babu tari a gaɓa. Kar ka biya da yawan kwanaki ko yawan leburori, za a kawo maka mutum talatin su zauna a inuwa. Kuma kar a duba aikin kachalla washegarin yanka, a bari sai bayan sati uku ko huɗu, lokacin ne za ka gane ko a ƙarƙashin ruwa aka yanka ko a sama. A riƙe wani kaso, galibi kashi 5 ake yi amma a irin wannan aikin in ofishin sayayya ya yarda a ɗaga gara a ɗaga, sai bayan zagayen Nuwamba a sake shi.

Hoto a ɗauka daga wuri ɗaya kowane lokaci, a kafa turaku masu lamba a kusurwoyin kududdufi a riƙa tsayawa a nan, kafin aiki da bayan aiki da bayan wata ɗaya, don hoton da ɗan kwangila zai turo maka ta WhatsApp ɓangaren da ya fi kyau zai nuna. In akwai ɗakin gwaji a ɗebi ruwan da ke fita kafin a fara da kuma bayan wata biyu, wannan sakamakon shi za ka ɗora a gaban fayil in ka je neman kuɗin baɗi. In shekarar farko ta tafi daidai, ta biyu aikin cikin ruwa zai ragu sosai, har za ka iya cire shi daga kwangilar ka bar wa ma'aikatan wurin mutum biyu ko uku da lauje da manjagara da injin yankan ciyawa na rataye, su riƙa zagawa duk sati suna tsige toho tun yana ƙarami, ɗan kwangila kuma a bar masa bishiyoyi da tifa.